Direbobin Gamu da Kulocin da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Ƙasar Gamu tana cikin gundumar Gure, a jihar Damagaram, arewa da babbar hanya mai lamba 1, tana maƙwabtaka da Kelle da Alakos. Hanyoyinta na ƙasa ne, wani wuri yashi, wani wuri tsakuwa. A irin wannan wuri, ƙaramar motar kaya da ake kira bashe ita ce jakin zamani. Ita ke kai gero da wake da awaki kasuwa, ta komo da gishiri da sukari da siminti. In naƙuda ta yi wa mace gardama da tsakar dare, sau da yawa ita ke sheƙawa da ita asibitin Gure. Saboda haka, ranar da giyarta ta ƙi shiga, ba mai motar kaɗai ke shan wahala ba.

Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda masana'antar Kaduna ta fara harhaɗawa a 1975, har zuwa Toyota Hilux da Land Cruiser da suka gaje su, kukan direbobin daji ɗaya ne: yashi da lodi suna cin farantin kuloci, wanda makanikan ƙasarmu ke ce wa ambireyaji. Don haka wasu masu motoci kan sayo faranti mai matsi da ƙarfi daga Damagaram ko Maraɗi ko Kano, wasu kuma su sake famfon kulocin da wanda ya fi shi girma. Niyyar mai kyau ce. Amma sau da dama, bayan an kashe kuɗi, sai motar ta fito da ciwon da ba ta da shi a da. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Yadda abin yake aiki

A waɗannan motoci ba waya ke jan kuloci ba, mai ne, irin na birki. Akwai famfo biyu. Na sama yana gaban feda, da ɗan tankin mansa. Na ƙasa yana manne a jikin akwatin giya. Tiyo ya haɗa su. In direba ya taka feda, famfon sama ya tura mai, man ya tura fistan na famfon ƙasa, shi kuma ya tura ƙarfen da ke raba faranti da inji, sa'an nan giya ta shiga ba ƙara.

Asirin abin shi ne mai ba ya matsuwa: duk ƙarfin da aka ɗora masa, yana isar da shi ɗaya bakin. Masanin Faransa Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana wannan ƙa'ida. Amma iska tana matsuwa. Ƴar kumfa kaɗan cikin tiyo ta isa ta shanye tafiyar feda.

Abu na biyu shi ne awo. Masu ƙera mota sun auna famfon sama da na ƙasa da faranti don su dace da juna. Famfo mai faɗin milimita 19 yana tura mai fiye da mai milimita 16 da kamar kashi 40 cikin 100. Ke nan feda za ta yi tauri da gwargwadon haka, famfon ƙasa kuma zai iya wuce iyakarsa, ya lanƙwashe ƴaƴan ƙarfen faranti ko fistansa ya kuɓuce. In kuwa na ƙasa ne aka ƙara wa faɗi, feda za ta yi laushi, amma tafiyarsa ta ragu, faranti ya ƙi saki sarai.

Alamomi da ma'anarsu

Sauke akwatin giya aikin yini guda ne, kuma a Gamu ba kowane lokaci ake samun kayan yinsa ba. Makaniki mai hankali yakan fara da abin da ido ke gani da wanda ƙafa ke ji.

In feda ta yi laushi kamar soso, amma da an tattaka ta sau huɗu ko biyar sai giya ta shiga, iska ce ta saura. Mutum biyu ke fitar da ita. Yaron mota ya taka feda ya riƙe, makaniki ya kwance ɗan notin famfon ƙasa, mai da kumfa su fita ta siririn tiyo zuwa kwalba, ya ɗaure notin kafin yaron ya ɗaga ƙafa. A yi ta maimaitawa har kumfa ta ƙare, ana ƙara mai kada tankin ya bushe. In an sa famfon wata mota, a duba notin: tilas ya kasance daga sama, domin iska sama take taruwa.

In an sa giya ta ɗaya a wuri mai fili, aka riƙe feda a ƙasa, bayan ɗan lokaci motar ta fara jan ciki da kanta, kuma ba a ga mai ya zuba ba, to robar famfon sama ce ke barin mai ya koma baya. In man tanki yana raguwa, a duba bayan feda cikin mota, a kuma janye robar bakin famfon ƙasa: duk inda aka ga danshi, nan ne ɓarakar.

Tsohon tiyon roba shi ma yakan ci amana. Faranti mai ƙarfi yana bukatar matsi fiye da na da. Mutum ɗaya ya taka feda, ɗaya ya riƙe tiyon a tafin hannu. In ya ji yana kumbura, to ƙarfin ƙafar direba nan yake ƙarewa.

Akwai kuma ciwon da ya fi ruɗa direbobi. Da safe motar lafiya lau, amma bayan tafiya mai nisa inji ya riƙa kuka, motar ba ta ci gaba, ga warin ƙuna. Nan da nan a ce sabon farantin jabu ne. Alhali sau da yawa sandar da ke tsakanin feda da famfon sama ce aka ɗaure ta wuce kima. Cikin famfon akwai ɗan rami da mai ke bi ya koma tanki in an saki feda. Sandar in ta yi tsawo, ramin ya toshe; man da ya yi zafi ya kumbura, ya rasa mafita, ya danne kuloci kamar an ɗora masa ƙafa. Maganinsa sifana ce kawai: a sassauta sandar, a bar wa feda ɗan wasa. A yawancin Toyota, wasan feda tsakanin milimita 5 ne da 15.

Batun mai

A jikin gwangwani ana ganin DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man yana shan laimar iska. In ruwa ya kai kusan kashi 4 cikin 100, sai awon ya faɗo zuwa 140 da 155. Ga bazarar ƙasar Gure, inda zafi ke wuce digiri 40, ga tiyo kusa da salansa, ga mota tana haƙilo cikin yashi: tsohon mai zai iya yin tururi, feda ta faɗi ƙasa. Shi ya sa ake sake shi duk shekara 2, daga gwangwanin da ba a buɗe ba.

Man inji ko gazuwal kuwa guba ne ga wannan famfo, domin suna kumbura robobinsa su narke. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a daji yana kawo tsatsa. Gwangwani guda a bayan kujera ya fi wannan duka araha.

Kira ga masu motoci da ma'aikata

Wanda zai ƙara wa kuloci ƙarfi, ya sayi faranti da famfo biyu da tiyo waɗanda aka yi don irin motarsa, ya kuma ajiye tsofaffin don gwada awo. Shugabannin ma'aikatu masu kula da motocin gwamnati, musamman na ɗaukar marasa lafiya, ya kamata su sa a rubuta lambar duk abin da aka sake da ranar da aka sake mai, cikin littafin motar. Direban da ya yi yaƙi da jahilci zai iya karanta lambar da ke jikin famfo da rubutun gwangwani da kansa, ba mai sayar masa da abin da bai dace ba.

Bayan gyara, a gwada motar cikin gari har inji ya yi zafi, a sa ribas a ji ko tana ƙara, kafin a ɗora mata lodi da mutane a kama hanyar Gure. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Allah ya kiyaye hanya, amin.