Fitilar Mota Ta Dushe? A Auna Kafin a Sayi Batir

A Jos, hunturu ne ke tona asirin tsohuwar mota. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuwa rage wa batir ƙarfi yake yi. Sai Fijo 504 ko Golf ta ƙi tashi da asuba, da dare kuma fitilarta ta yi ja kamar aci-balbal. Mai mota ya garzaya Dilimi ya sayo sabon batir, bayan 'yan kwanaki ciwo ya dawo, domin tun asali ba batirin ne mai laifi ba.

Babban aikin batir shi ne tayar da inji. Da inji ya kama, altaneta ce ke ba fitila wuta, tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Shi ya sa mai wayarin da ya san sana'arsa mitar awon wuta yake fara ɗauka. Mota na kashe, lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Inji na aiki, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, caji ba ya shiga: ko fanbel ya saki yana zamewa, ko kabon ɗin altaneta ya cinye, ko regileta ta mutu.

Inda aka fi ɓata kuɗi shi ne idan mita ta nuna komai daidai amma haske bai dawo ba. A nan wuta tana fita, a hanya take ɓacewa. A duba kan batir, a wanke farin garin da ya taru. A bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota da wadda ta haɗa inji da jikin motar, domin ta nan wuta ke komowa, tsatsar damina kuwa tana toshe ta. Soket ɗin ƙwan fitila da ya ƙone da gilashin da ya yi hazo su ma suna cin haske.

Wata al'ada ta gareji ina roƙon a bar ta: cire kan batir inji na aiki don gwada caji. Wuta na iya yin tsalle ta ƙona regileta ko dayod, a motar da ke da kwamfuta kuma har ita ta tafi. Mita ba ta kai kuɗin batir ba, kuma direban da zai sauka Hawan Kibo da dare ya fi kowa bukatar a yi masa wannan awo kafin ya bar gari.