Sana'ar Zoɓon Kwalba: Daga Tukunyar Gida Zuwa Manyan Kantuna

LEGAS – A unguwannin Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo a Ibadan, kamar yadda yake a biranen Arewa, da wuya rana ta take ba a ga mai tallan zoɓo da sanyayyun gorunan roba cikin kula ba. Sana'a ce da ta riƙe gidaje masu yawa, galibi a hannun mata, domin jarinta bai wuce zoɓorodo da sukari da citta da kanumfari da tukunya ba. To amma har yanzu yawancin wannan zoɓo bai samu shiga manyan kantuna ba, dalili kuwa bai wuce abu biyu ba: saurin lalacewa, da rashin takardar shaida a jikin kwalba.

Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke noman zoɓorodo, inda Jihar Jigawa ke kan gaba, ga kuma Kano da Katsina da Bauci. Ana fitar da busasshensa zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko, wadda mutanenta ke shan irin wannan jiƙo kamar yadda ake shan bisaf a Senegal da karkade a Masar da Sudan. Wato ana sayar da shi ɗanye, ribar sarrafawa kuma ta faɗa aljihun wasu. Duk ɗan kasuwar da ke son wani kaso na wannan riba ya tsaya a gida, tilas ya fara da sanin abin da ke faruwa cikin kwalba bayan an rufe ta.

Zoɓo abin sha ne mai tsami, kuma tsamin nan yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Sai dai ƙwayoyin yis da na fumfuna, waɗanda ke cikin iska da jikin 'ya'yan itace da hannun mai aiki, ba su damu da tsami ba. Da zarar yis ya samu sukari da ɗumi sai ya shiga cinye shi, yana mayar da kusan rabinsa barasa, sauran kuma iska. Wannan iska ce ke kumbura gora, ta sa kumfa ya yi tsartuwa idan an buɗe murfi. Ga mai sayarwa wannan asarar jari ce, ga mai saye Musulmi kuwa matsalar ta wuce ta ɗanɗano, tun da abin da ya saya a matsayin halal ya kama hanyar zama giya.

A Amurka da Kanada akwai masana'antar da ta ginu a kan wannan aiki na yis, da gangan. Kamfanoni suna sayar da ƙunshin kayan haɗa giyar inabi a gida, wanda ya ƙunshi kaurararren ruwan inabi, da yis, da maganin tsabtace kayan aiki, da takardar bayani mataki-mataki. Ƙunshi ɗaya yakan ba da lita 23, wato kimanin kwalba 30, cikin mako huɗu zuwa takwas. Dokar tarayyar Amurka ta yarda gida mai baligai biyu ko fiye ya haɗa har galan 200 a shekara ba tare da haraji ba, bisa sharaɗin ba za a sayar ba. Wannan haja ba ta da kasuwa a wurin Musulmi, amma tsarin aikin abin dubawa ne: kowane sinadari a aune yake, kuma ba a ɗura komai sai an kashe ƙwayoyin da ke cikin kwalba. Masu zoɓo suna yaƙi ne da abin da waɗancan ke nema, amma makamin ɗaya ne, wato awo da tsabta.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A shekarar 1810 wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ya wallafa hanyar adana abinci ta rufe shi cikin kwalba a dafa cikin ruwa. A shekarun 1860 kuma Louis Pasteur ya nuna cewa ɗumama giyar inabi zuwa digiri 50 ko 60 na ma'aunin Salsiyas yana hana ta lalacewa. Irin wannan hanya masu lemon kwalba ke bi: a tace abin sha sosai, a ɗura shi da zafinsa, wajen digiri 85, cikin kwalbar da aka tsabtace, a rufe nan take, sannan a sanyaya. Inda masu zoɓo da yawa ke tafka kuskure shi ne bayan sun sauke tukunya sai su ƙara ɗanyen ruwa ko ɗanyar abarba, su mayar da ƙwayoyin da wuta ta kashe.

Zaɓen kwalba shi ma lissafi ne. Gorar roba ta yau da kullum tana da araha amma tana lanƙwashewa idan an zuba mata ruwan zafi, saboda haka mai amfani da ita ya dogara ne ga firji, firji kuma ya dogara ga wutar lantarki ko man janareta. Kwalbar gilashi tana jure zafi, sai dai tsada da nauyi a wajen sufuri. Tsintattun goruna kuwa, waɗanda ba a san hannun da suka fito ba, arha ce da ba ta ado. Mai asarar kwalba goma cikin kowace ɗari, sauran casa'in ɗin ne za su biya kuɗin kayansu kafin a fara maganar riba.

Sai batun doka. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, wadda aka kafa da Doka ta 15 ta 1993, ita ke da alhakin rajistar duk abin sha da aka ɗura don sayarwa. Mai neman lambarta yakan fara da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, sannan jami'ai su duba wurin aiki, a kuma gwada samfur a ɗakin bincike. Rajistar ta shekara biyar ce, bayan haka a sabunta.

Ƙa'idojin hukumar na 2022 sun bukaci takardar jikin kwalba ta nuna sunan abin shan, da jerin kayan da aka haɗa shi da su, da yawan abin da ke ciki, da suna da adireshin mai yin sa, da lambar rukunin aiki, da kwanan watan da zai daina amfani, da yadda za a adana shi. Dole bayanin ya kasance da Turanci, amma an yarda a ƙara wani harshe, don haka kofa a buɗe take ga mai son rubuta Hausa. Idan an sa sinadarin hana lalacewa, wajibi ne a ambace shi, kada kuma a wuce adadin da aka ƙayyade.

Abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ya nuna amfanin wannan tsari. Ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti, wasu sun riga mu gidan gaskiya, bayan shan kayan sha da aka haɗa da gurɓatattun sinadarai, har da wani mai guba da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Lambar rukuni da adireshi su ke ba da damar a bi sawun haja a janye ta daga kasuwa kafin ɓarna ta yaɗu, su ne kuma ke wanke mai gaskiya daga laifin wani.

Har ila yau, mai shirin faɗaɗa sana'ar ya sa haraji cikin lissafinsa. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora Naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai sukari, aka fara karɓa a 2022, wato Naira 5 ke nan a kan kwalba mai rabin lita.

Ɗawainiyar tana da nauyi a kan mace ɗaya mai tukunya ɗaya. Amma mata goma da suka haɗu cikin ƙungiyar gama-kai za su iya kama ɗakin aiki ɗaya, su sayi ma'aunin zafi da injin rufe murfi, su nemi lamba ɗaya da suna ɗaya. Da wannan lamba ce manajan kanti ko otal zai yarda ya zauna da su a yi ciniki.