RUMBUN DA GARA BA TA CI

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san baƙin cikin ɓatan fayil. A zamanin En'e, kafin a sake tsarin ƙananan hukumomi a 1976, akawun kirki ba ya sakin wasiƙa sai ya sa takardar kabon ya fid da kwafi, ɗaya ta tafi, ɗaya ta shiga fayil, sa'an nan ya rubuta lambarta da ranarta cikin rajista. Albarkacin wannan hali nasu ne har yau mai bincike yakan tafi gidan ajiyar takardun tarihi na Kaduna ya tarar da aikin mutanen da suka daɗe da riga mu gidan gaskiya. To, yau ga wani sabon irin rubutu ya shigo ƙasarmu, shi ma yana bukatar rajista da ma'aji.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, samari da 'yan mata masu koyon kwamfuta sun yawaita a garin. Cikinsu akwai masu rubuta manhaja, watau jerin umurnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki. Mu ɗauka ga ɗalibi ɗan Kurfi, ya yi wata shida yana fama da aikinsa na shekarar ƙarshe, amma duk aikin yana cikin kwamfuta ɗaya tak. Ran da ɓarawo ya ɗauke ta, ko wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙone ta, shi ke nan, wahalar wata shida ta bi ruwa. Rigakafi kuwa ya fi magani.

RAJISTA DA RUMBU

Maganin abin kashi biyu ne. Na farko shi ne wata manhaja da ake kira Git, wadda wani mutumin ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta cikin watan Afrilu na 2005 don kula da aikin Linux, wanda mutane masu ɗimbin yawa ke sa hannu cikinsa. Git ita ce rajista. Kowane gyara da mutum ya yi, tana rubuta abin da ya sake, da sunan wanda ya sake shi, da rana da sa'a, ba ta kuwa yar da tsohon rubutu. In gyaran yau ya ɓata aiki, sai a koma ga na jiya.

Na biyu shi ne rumbu a kan intanet inda za a ajiye kwafin wannan rajista. Wanda ya fi shahara shi ne GitHub, da aka buɗe a 2008. Kamfanin Microsoft na Amurka ya saye shi a 2018 a kan dala miliyan 7,500, kuma a farkon 2023 masu amfani da shi suka haura miliyan 100. Tun 2019 mutum yana iya buɗe rumbu na sirri a can ba da ko kwabo ba. Akwai wasu irinsa, kamar GitLab.

Ana iya shiga rumbun nan ta shafinsa, ana danna nan ana danna can. Amma a watan Satumba na 2020 GitHub ya fito da cikakkiyar wata 'yar manhaja mai suna gh, wadda da ita mutum zai zauna gaban baƙin allo ya rubuta umurni da kalmomi biyu ko uku, aiki ya gudana. Kamar bambancin wanda ya tashi da ƙafarsa ya zaga ofis-ofis ne da wanda ya rubuta 'yar takarda ya ba masinja.

YADDA AKE YI

Da fari mutum zai rubuta gh auth login, don ya gabatar da kansa ga rumbun. Sau ɗaya ake yi a kowace kwamfuta. Wannan ya zama da amfani ƙwarai tun watan Agusta na 2021, sa'ad da GitHub ya daina karɓar kalmar sirri tsura wajen aika aiki. Daga nan sai gh repo create, a tambaye shi sunan sabon rumbu, da ko na kowa da kowa ne ko na sirri. In kuwa rumbun yana nan tun dā, gh repo clone zai kawo masa kwafinsa ɗungum, har da tarihinsa duka.

Aikin kullum kuwa na Git ne. In ya yi gyara sai ya ce git add, watau ya tara takardun da za su shiga rajista. Sai git commit, ya rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ya yi, kamar yadda akawu ke rubuta minit a fayil. Sai git push, aiki ya tafi rumbu. Mai son ganin tarihi ya ce git log.

In aikin na mutum uku ne ko huɗu, kowa sai ya ja reshensa ya yi gyara ba tare da ya taɓa gindin aikin ba. In ya gama ya rubuta gh pr create, watau yana roƙon a duba a haɗa. Shugaban aiki ya ce gh pr checkout ya gwada abin a kwamfutarsa, in ya gamsu ya ce gh pr merge. Wanda ya ga kuskure ya kai ƙara da gh issue create, kuma gh issue list zai jera ƙararrakin da ba a kashe ba.

ME YA SA ZA A WAHALA DA RUBUTU?

Wani zai ce, tun da ana iya dannawa, ina amfanin haddace kalmomin Turanci? Amfani na farko, umurni rubutu ne zalla, ba ya jawo hotuna da adon shafi, saboda haka bai cika cin kuɗin data ba. Na biyu, abin da aka rubuta ana iya maimaita shi. Malami mai ɗalibai 60 yana iya jera umurni cikin takarda ɗaya, kwamfuta ta kwaso masa rumbunansu duka yana shan shayi.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da nasu, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Git ba ta bukatar intanet wajen rubuta rajista. Mutum yana iya yin git commit sati da sati a ƙauye, ran da ya sami layi ya aika duka gaba ɗaya. Amma fa a lura, gh ita ba ta aiki sai da layi, kuma aikin da ba a aika ba yana nan cikin hatsari tare da kwamfutar.

GARGAƊI

Kada a sa kalmar sirri, ko sakamakon jarrabawa, ko jerin albashin ma'aikata cikin rumbu na kowa da kowa. Ko an share daga baya, tarihi yana riƙe da shi, gama aikin rajista ke nan. Na biyu, GitHub ba ya karɓar fayil guda da ya wuce megabait 100 ta hanyar da aka saba, don haka ba wurin tara bidiyo ba ne. Na uku, a yi hattara da gh repo delete, don shi ne ke rushe rumbu.

Malamai kuma kada su ɗauki rajista a kan ta isa shaida. Tana nuna wanda ya yi aiki kullum da wanda ya kwaso aiki dare ɗaya, amma mai wayo yana iya sake suna da kwanan wata. Har yanzu babu abin da ya kai a zaunar da yaro a tambaye shi.

A ran 2 ga Fabrairu, 2020, GitHub ya ɗauki kwafin rumbunan jama'a masu aiki, aka buga su a faifan fim 186, aka kai su wani tsohon ramin haƙar kwal a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, da nufin su shekara 1,000. In wasu suna tanadin shekara dubu, ai bai kamata ɗanmu ya kasa tanadin wata shida ba. Muna roƙon malamai su koya wa yara wannan tun shekararsu ta farko, kada a bari sai an zo aikin ƙarshe, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.