Inda Ake Haihuwar Taurari

A daren hunturu, idan ƙura ta lafa, wanda ya tsaya a tuddan Kazaure bayan isha'i ya dubi gabas zai ga taurari uku a jere, cikin rukunin da Larabawa ke kira Jauza'u. Kusa da su akwai wani haske dishi-dishi. Gajimare ne na iskar gas da ƙura, wanda haskensa ke shafe kimanin shekara 1,350 kafin ya iso idonmu. A cikinsa ake haihuwar sababbin taurari har yau.

Manomanmu na Roni da Gwiwa sun san ba kowane hadari ke zubar da ruwa ba. Haka gajimaren samaniya yake: sai inda gas ɗin ya cunkushe, nauyinsa ya rinjaye shi, sannan ya dunƙule ya zama tauraro. Saboda haka mai son sanin yawan taurarin da ake haifa dole ya auna cunkusasshen gas.

Wahalar ita ce mafi yawansa haidurojin ne, mai sanyin da ya kai kusan digiri 260 ƙasa da sifiri, kuma a wannan sanyi ba ya fitar da hasken da na'ura za ta kama. Sai masana suka koma bin sawu. Suna neman siginar rediyo ta sinadarin HCN, wato gubar nan da ke cikin rogo mai ɗaci, domin ya fi bayyana inda gas ya yi kauri. A 2004 Yu Gao da Philip Solomon suka nazarci manyan tarin taurari 65, suka ga gwargwadon ƙarfin wannan sigina, gwargwadon yawan taurarin da ake haifa.

Amma a 2017, binciken da aka yi a gajimaren Jauza'u da na'urar IRAM mai faɗin mita 30 da ke Sifaniya ya nuna kaso mai yawa na siginar daga gas marar kauri yake fitowa. Ma'aunin da aka dogara da shi sai da aka sake auna shi.

Ɗalibanmu su riƙe wannan: alama daban, abin da take nunawa daban, kuma mai ilimi na gaskiya ba ya jin kunyar gyara mudunsa. Allah ne mafi sani.