FASHIN BAƘI: Duwatsun da ke maƙwabtaka da Ajingi ragowar tsaunuka masu aman wuta ne

Ƙasar Ajingi da Gaya shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da gonakin gero da gyaɗa iyakar ganin ido. Sai matafiyi ya tsallaka iyakar Jihar Jigawa, ya doshi garin Dutse, sannan duwatsu ke tasowa a gabansa. Da yawa daga masu bin hanyar ba su san cewa abin da suke gani saiwar wani tsauni ne mai aman wuta da ya mutu tun kafin a yi ɗan Adam ba.

Yadda duwatsun suka samu

Masana ilimin duwatsu sun sanya Dutse cikin wani jerin tsaunuka da ya faro daga Abzin a Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Damagaram, ya shigo Najeriya, ya bi ta Ningi da Jos har zuwa Afu a Jihar Nasarawa. A Najeriya kaɗai akwai irinsu fiye da 50. Gwaje-gwaje sun nuna cewa na Dutse sun kai kimanin shekara miliyan 213, na Afu kuwa miliyan 141. Na Abzin sun girme su duka. Ma'ana, aman wutar ya riƙa matsawa daga arewa zuwa kudu sannu a hankali.

Narkakken dutse ne ke taruwa a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓalle ya yi ambaliya a sama. Idan rumbunsa ya ragu, sai rufin ya rufta, ƙasa ta tsage a zagaye kamar bakin tukunya. Sauran narkakken dutsen sai ya cika tsagar, ya sandare a can ciki. Ruwa da iska sun shafe miliyoyin shekaru suna zaizaye saman, har abin da ke binne ya bayyana. Shi ya sa irin waɗannan tsaunuka kan jeru kamar zobe. Babu fargabar su sake aman wuta.

Inda mai sha'awar hawa zai nufa

Mafi kusa ga mutumin Ajingi shi ne Dutse, inda tsohon garin Garu da fadar sarki ke tsakanin duwatsu. Daga ƙwanƙolinsu ana hango birnin da ya bunƙasa tun da ya zama hedikwatar Jigawa a 1991. Gaba kaɗan akwai Birnin Kudu, inda mutanen da suka yi zanen shanu a jikin duwatsu.

A cikin Jihar Kano kuwa, babu kamar Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa. Tsaunukanta sun haura mita 1,000 daga doron teku, siffar zoben kuma a bayyane take. Ragowar zafin narkakken dutsen ne ya tara kuza da sauran ma'adinai a tsagoginta, abin da ya jawo masu haƙa tun zamanin Turawa.

Dutsen Dala bai shiga wannan jeri ba. Tudu ne mai ɗauke da tama, kuma tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya, wato Abagayawa, sun je can ne neman ta.

Abin da ya kamata a kiyaye

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ya fi dacewa, ko da yake hazo kan rage nisan gani. A bazara dutse kan ɗau zafin da tafin hannu ba ya jurewa, don haka ake fita da sassafe a sauko kafin azahar. Da damina kuwa gansakuka kan sa santsi, kuma tsawa ta fi samun wuri mai bisa. Wajibi ne a tanadi isasshen ruwa da takalmi mai kama ƙasa, a kuma guji cusa hannu cikin kogo saboda macizai da ƙudan zuma.

Bai kamata baƙo ya hau shi kaɗai ba. Ya fara gaida mai unguwa ko dagaci, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Wannan ya fi muhimmanci a Riruwai, domin hanyarta ta ratsa dajin Falgore, wanda ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane.

Abin da ke cikin haɗari

Taurin da ya sa waɗannan duwatsu suka jure zaizaya shi ne ya sa masu gini ke son tsakuwarsu. Fasa dutse sana'a ce da ke ciyar da gidaje, titi da gada kuma ba sa ginuwa sai da tsakuwa. Amma dutsen da nakiya ta rushe ba ya sake tsirowa. Ya rage ga hukumomin Kano da Jigawa su ware wuraren da za a fasa da waɗanda za a bari, musamman masu zanen tarihi, domin ɗalibin makaranta a Ajingi ya sami inda zai je ya ga darasin da ake karanta masa a aji.