Halayen Makaɗan Fada: Ina Gaskiya, Ina Shaci-Faɗi?

A majalisun birnin Sakkwato, da zarar an saka faifan Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo, ba a rasa mai raba wa 'yan ƙungiyar halaye: jagora mai ji da kai ne, 'yan amshi 'yan rakiya ne, sanƙira kuwa mayen kuɗi. Matasa ma sun ƙaro nasu, suna ɗauko gwajin Myers-Briggs na Amurka, mai kasa mutane gida 16, suna liƙa wa makaɗan da ba su taɓa gani ba. Ga yadda maganganun suke in an tace su.

Wai jagora mai girman kai ne. Babu hujja. Abin da ake kafa dalili da shi kirarin da makaɗi ke yi wa kansa ne a cikin waƙa, alhali wannan ƙa'idar sana'a ce: sai ya ɗaga darajarsa yabon da zai yi wa sarki ya yi nauyi. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, bafade ne, kuma zaman fada sai da ladabi da sanin inda ake tsayawa.

Wai 'yan amshi ba su da basira, maimaici kawai suke yi. Wannan ƙarya ce. Saurari waƙar kotso da kyau: jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari, su dawo kan gindin waƙa, duk hannu na kan kiɗa. Musa Ɗanƙwairo kansa daga nan ya taso, a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya zama Daudun Kiɗi a ƙarƙashin wansa Kurna, kafin ya kai ga yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Amshi makarantar jagoranci ce.

Wai sanƙira makwaɗaici ne. Gaskiya ne bakinsa ba ya rabo da zancen kyauta, amma aikin da aka ɗora masa ke nan. Shi zai shelanta wanda ya ba da doki ko babbar riga, ya kawo sunan ubansa da kakansa da sarautar gidansu ba tare da tuntuɓe ba. In ya yi kuskure, ƙungiya ce ta ji kunya. Abin da aikin ke nema shi ne hadda da tsayayyar murya.

Wai abin kiɗa yana nuna halin mai shi. Da ƙamshin gaskiya, sai dai an karkata ta. Abin kiɗa yana nuna wanda ake yi wa kiɗan ne: taushi da kotso na sarakuna, kalangu na mahauta da 'yan dambe, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago. Akasari gado ke zaɓa wa mutum abin da zai rataya, ba zafin rai ko sanyinsa ba.

Shi kuwa gwajin gida 16, tambayoyi ne da mutum ke amsawa da kansa, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna kuka da cewa mutum ɗaya kan faɗa gida daban in ya maimaita shi. To, wa ya amsa wa Narambaɗa nasa?

Abin da faifai zai iya gaya maka shi ne matsayin kowa a ƙungiya da gwanintarsa. Halin mutum sai wanda ya zauna da shi.