Allunan tagulla na tseren motoci da shekarar da gasar ta iso Kano

Direban da ke jigilar fasinja tsakanin Mashi da Katsina zai yi mamaki idan aka ce masa a Turai ana gwanjon wani ɗan allon tagulla da bai fi tafin hannu ba, masu tara kayan tarihi suna rububinsa. Irin allunan nan ne masu shirya tseren motoci na da suke bai wa mahalarta, ɗauke da sunan gasar da shekararta. Wasu kan kafa nasu a jikin mota.

Dalilin bayar da su a fili yake: a wancan zamani kaiwa ƙarshen tafiya ma nasara ce. A gasar Paris zuwa Rouen ta 1894, mai nisan kilomita 126, motar Comte de Dion ce ta fara isa, amma aka hana shi babbar kyauta saboda motarsa mai tururi ce, sai da mai hura mata wuta. Kamfanonin Peugeot da Panhard et Levassor suka raba kyautar.

Ƙasar Hausa ma tana cikin wannan tarihi, ko da yake ba kasafai ake tuna shi ba. A watan Mayun 1974 an yi tsere daga Landan zuwa Munich albarkacin gasar cin kofin duniya da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙunci, kuma Kano ce iyakar hanyar ta kudu.  A Aljeriya, kuskure a takardar kwatancen hanya ya sa da yawa suka ɓace a sahara, har shahararren direban Ingila Stirling Moss ya haƙura. Motoci 19 kacal suka kai Munich, biyar daga ciki ne suka cika dukan zangon har da na Kano. 'Yan Ostireliya uku, Ken Tubman da André Welinski da Jim Reddiex, suka yi nasara da Citroën DS 23.

Allon da ya fi kusa da mu yana Nijar, kuma ba na kyauta ba ne. Thierry Sabine, wanda ya kafa gasar Paris-Dakar, ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairun 1986. An watsa tokar gawarsa a gindin wata bishiya a hamadar Tenere, aka sa mata sunansa, aka kuma kafa allon tunawa da shi a wurin.